Amsoshin Tambayoyi: Zaɓen Sinadarin Gano Ƙarafa da Salfayid a Ruwa

Tambaya: Ina aiki a ƙaramin ɗakin gwajin ruwa, an kuma tallata mana sinadarai masu ƙyalli iri biyu: ɗaya haskensa yakan dushe idan ya gamu da ƙarfen da ake nema, ɗayan kuwa sai a lokacin yake haskawa. Wanne ya fi dacewa mu saya?

Amsa: Malam, in ni ne, wanda yake haskawa zan ɗauka. Abubuwa da yawa suna iya dusar da haske, kamar gurɓatar ruwan, ko daɗewar sinadarin a rana, ko wani ƙarfe dabam da ba shi ake nema ba, sai ka ɗauka ka gano abin da babu shi. Tashin haske daga duhu ya fi wuyar faruwa bisa kuskure. Wasu sinadaran dangin rodamin, wani irin rini mai ƙyalli, ba su da launi a kwalba, amma da zarar tagulla ko zaiba ta taɓa su, sai ruwan ya koma ruwan hoda, ya yi ƙyalli a ƙarƙashin fitilar UV (hasken da ido ba ya gani) mai tsawon zango nanomita 365.

Kada ƙanƙantar adadin ƙarfen da takardar talla ta ce sinadarin yana iya ganowa ta ruɗe ka, domin galibi a tsabtataccen ruwa ake auna shi, wani lokaci ma an gauraya ruwan da sinadarin narkarwa. Ka tambayi mai sayarwa ko an gwada shi a ruwan rijiya ko na kogi, da matakin tsamin da yake aiki a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a maikirogiram 10 cikin lita guda, zaiba kuma 6, saboda haka sinadarin da ba ya gano ƙasa da wannan ba zai amfane ka a ruwan sha ba. Duk sakamakon da za a yanke hukunci a kansa, a tabbatar da shi da na'urar ICP-MS ko AAS, wato na'urorin ɗakin gwaji masu auna adadin ƙarfe daidai.

Tambaya: Ruwanmu yana warin bara-gurbi, alamar akwai salfayid a cikinsa. Shin sinadari ɗaya zai iya gano tagulla da salfayid a tare?

Amsa: Malama, akwai irinsa: tagulla tana kashe haskensa, salfayid kuma ya ƙwace tagullar, ya zama baƙin gari da ba ya narkewa, sai hasken ya dawo. Sai dai wasu sinadaran masu kama tagulla su ma suna iya dawo da shi, kuma salfayid yana saurin tsere wa ruwa, don haka ki yi gwajin nan take bayan ɗebowa, cikin kwalbar da aka cika taf aka toshe.