Wane Alƙalamin Feshin Fenti Zan Saya?

Tambaya: Malam, ni mai rubuta allunan talla ne a Sabon Gari, Zariya. Tsakanin Iwata, Badger da 'yan China, wanne ya fi?

Amsa: Iwata na Japan ya yi suna saboda laushin feshinsa, musamman samfurin Eclipse mai bakin milimita 0.35 (wato faɗin ramin da fenti ke fitowa), sai dai shi da kayan gyaransa akwai tsada. Badger na Amurka ya fi sauƙin kuɗi, kuma Patriot 105 mai bakin milimita 0.5 ba ya saurin toshewa da fenti mai kauri, saboda haka shi ya fi dacewa da aikinka. 'Yan China marasa suna arha ne, amma robar cikinsu kan lalace da wuri. Kafin ka biya, ka tabbatar akwai allurar canji, wato siririn ƙarfen cikin alƙalamin da ke buɗewa da rufe bakin fenti.