Amsa ga Malamar da ta ce yara sun raina ta tunda ta ajiye bulala

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce an turo ki wata firamare a ƙauye ta wajen Gumel, aji huɗu, yara sun fi benci yawa, kuma tunda kika ajiye bulala suka raina ki, shin ki koma mata? Na daɗe ina koyarwa a ƙauyukan yankin nan. Shawarata, kada ki koma.

Yaro da maganar malami yake auna shi: in ya ce zai yi, yana yi kuwa? Ki kafa dokoki kaɗan, ki faɗe su a gaban kowa tare da hukuncin kowacce tun kafin a yi laifin. Mai surutu ya dawo gaba ya zauna kusa da ke. Wanda ya ɓata aji ya share shi bayan an tashi. Wanda ya bugi ɗan'uwansa ya ba shi haƙuri a bainar jama'a, sannan ya yi ban ruwan bishiyoyin makaranta na mako guda. Ki zartar ba ihu, ba zagi, ba ambaton iyaye. Ɗan dagaci da ɗan makiyayi hukuncinsu ɗaya. Ranar da kika ɗaga wa ɗan dagaci ƙafa, ajin ya fita daga hannunki.

Makara kuwa ki ware ta daban, a nan malamai suka fi zaluntar yara. Yarinyar da ta iso ƙarfe tara ta riga ta je rijiya, ta zaga gari da tallan koko. Wani daga makarantar allo ya fito, wani sai da ya kai awaki kiwo. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ta kwashe wasu, da damina gona ta kwashe saura. In kika zane yarinyar nan a bakin ƙofa, gobe uwarta za ta ce ta zauna, ai tallan ya fi riba. Wannan maganar manya ce: ki sanar da hedimasta, a kai ta gaban kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a sa mai unguwa da liman su yi wa iyaye magana.

Za ki gamu da uban da zai ce, "Malama, a zane min shi." Nakan tuna musu cewa Anas bin Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, Annabi bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Ga shi kuma tun 2021 Jigawa tana da dokar kare haƙƙin yara, in yaro ya ji rauni a hannunki, maganar na iya wuce ofishin hedimasta.

Kada ki miƙa wa monita sanda ya tsare miki aji, ramuwar faɗan unguwa zai yi da ita. Ki ba shi alli da rajista. Wanda ya fi kowa fitina ma ki gwada ɗora masa rabon littattafai.