Ke mai yaran da ba sa cin abinci, don Allah kar ki yarda da ɗura

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa da kika yi tambaya kan yaranki biyu, mai shekara huɗu da mai shekara biyu, kika ce ba abin da suke ci sai biskit da Indomie da shayi, wuni suke a ɗaki kan waya, kina neman girki mai sauƙi da wasan da za su riƙa yi a tsakar gida. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi, musamman da na zo wurin da kika ce an ba ki shawara ki riƙa yi wa ƙaramar ɗura. Wanki nake yi, na ajiye na zo na zauna, domin ni an yi wa nawa, na kuma ga abin da ya biyo baya da idona.

Babban yarona yana da shekara ɗaya da wata takwas a lokacin, ban daɗe da yaye shi ba saboda ina da ƙaramin ciki. Ya ƙi komai. In na kai cokali ya kawar da kai, in na matsa ya furzar. Sai ga yayar maigidana ta zo mana kwana biyu. Tun daga zaure ta fara, wai a kalli wuyan yaro kamar na ɗan tsako, wai 'yan boko ba mu iya raino ba sai riƙe waya. A gaban matan gidan ta faɗa, har da wata baƙuwa da ta shigo sayen ƙanƙara. Na haɗiye, na ce Yaya sannu da zuwa, na kawo mata ruwa.

Washegari da hantsi ta dama koko da kanta, ta ce in ba ta shi. Ta kwantar da shi a cinyarta, ta danne ƙafafunsa da nata, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta toshe masa hanci tana kwararawa. Yana ihu koko na shiga. Ina tsaye a bakin madafi, zuciyata kamar ta fito, amma kunya da gudun a ce na yi wa dangin miji rashin kunya suka hana ni buɗe baki. Har yau wannan tsayuwar ce take hana ni barci idan na tuna. Can sai kukan ya ɗauke. Ya ƙware, idanunsa suka kakkafe, leɓensa ya canja kala. Na fizge shi na kifa a hannuna ina bubbuga bayansa har ya yi tari ya amayar. Ita kuwa cewa ta yi in ƙyale shi, rigima ce kawai, haka ta yi wa nata bakwai ba wanda ya mutu.

Kafin isha jikinsa ya ɗauki zafi, numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk jan da zai yi. Cikin dare muka tafi asibiti a adaidaita. Likita ya ce kokon ne ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama nimoniya. Kwana shida muka yi, biyun farko da robar iska a hancinsa, ni ga ciki ga amai, a kan tabarma nake kwana gefen gado. Kin san baiwar Allahn nan ba ta taka asibitin ba? Ko sannu a waya. Labarin da ya dawo min shi ne wai ni nake kwantar da yaro ƙarƙashin fanka, sanyi ya kama shi. Da na yi wa maigidan magana ya ce in yi haƙuri, yaya ce, ba da mugun nufi ta yi ba. Na sani ba kashe shi ta zo yi ba, amma ɗora min laifin da ta yi shi ne ya tsaya min a rai. Muna gaisawa, ina yi mata girki idan ta zo, sai dai ba ta ƙara ɗaukar min ɗa ta shiga ɗaki da shi ba, kuma ba za ta ƙara ba. Don haka ko wace ce ta ba ki shawarar nan, ko mahaifiyarki ce, ki ce mata likita ya hana. Ki jingina da likita, ya fi miki sauƙi.

To a can asibitin ne wata ma'aikaciyar jinya, Allah Ya saka mata da alheri duk inda take, ta zaunar da ni. Ta auna damtsensa da tef ɗin nan mai kala uku, ya faɗa ruwan ɗorawa. Ja shi ne ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani, kore kuma daga 12.5 zuwa sama, ruwan ɗorawa yana tsakaninsu. Ki fara kai su a auna, a ƙaramin asibitin unguwa ma ana yi, ki san inda kike. Ki tambaya kuma ko lokacin maganin tsutsar ciki da bitamin A ya yi, duk wata shida ake bayarwa, na tsutsa daga shekara ɗaya. Ma'aikaciyar ta tambaye ni me yake ci tsakanin safe da rana, na lissafa mata biskit, alawa, shayi kofi biyu, lemon leda. Ta ce to ina yunwar za ta fito? Cikin yaro ɗan ƙarami ne, ni na riga na cika shi da zaƙi kafin a sauke tukunya. Ta ƙara da cewa shayin ma yana rage wa jiki amfana da sinadarin ƙarfe na cikin abinci, wanda shi ke ƙara jini. Abin da na fara yankewa ke nan. Kwana uku ana kuka a gidan, na huɗu ya karɓi cokali da kansa.

Ita ce ta koya min garin kunun da har yanzu ba ya yankewa a gidana. Gwangwani shida na gero ko dawa, ko ki haɗa su da masara, gwangwani uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Waken suyan ki jiƙa shi ya kwana, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe sosai, sannan ki soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi, don ɗanyensa yana ɓata ciki kuma yana ƙarni. Geron ki rege tsakuwa ki shanya ki ɗan soya. Gyaɗar ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi funfuna ki zubar, tana da guba mai taɓa hanta. Ki kai inji a niƙa, ki ce wa mai injin ya share kar ya haɗa miki da ragowar barkono. In za ki dama, ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa kamar minti goma. Ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, domin tsararon koko ruwa ne kawai ke cika ciki. Ki ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa cokali guda, ki daka dabino a maimakon sukari. Idan kin samu mai zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ku haɗa kuɗi ku sayo da yawa, ya fi sayen gwangwani-gwangwani a shago arha.

Na rana kuwa, faten wake da dankalin Hausa ne ya cece ni. Ki surfa waken ki wanke ɓawon, ki dafa ya yi luguf, ki yanka dankalin ƙanana ki zuba, ga albasa da daddawa da manja, ga busasshen kifi da kika tsince ƙayarsa da hannunki a cikin haske. Dab da saukewa ki watsa alayyahu ko zogale. Zaƙin dankalin ne yake jan su. Kabewa ma haka take yi. Ki ɗebi nasu kafin ki sa attaruhu, da yawanmu yajin da muke sawa ne yake korar yara ba mu sani ba. Ranar da na gaji kuma ƙwai biyu nake fasawa, in goga karas da albasa a ciki, in murmushe dafaffen dankali, in soya kamar waina. Minti goma ya isa. Alale a ƙaramin gwangwani, kowa da nasa, suna son abin da aka ce wannan naka ne kai kaɗai. Ɗan wake ki yi shi ƙanana da mai da dafaffen ƙwai, ban da yaji. Awara ma suna ɗauka da hannu suna ci.

Indomie ɗin ban ce ki hana gaba ɗaya ba, rigima za ki tayar. Ki fasa ƙwai a ciki, ki yanka kabeji da karas, ki sa rabin sinadarin ledar, ki mayar da ita ta ranar Juma'a ko Lahadi. Kuma idan kin kawo sabon abu suka ƙi, ki ɗauke ba faɗa, jibi ki sake kawowa. Nawa sai da na kawo masa miyar kuka ta fi sau goma kafin ya tsoma hannu. Gyaɗa guda-guda da aya kar ki ba ƙaramar tukuna, suna sarƙe yara, sai dai a niƙa ko a yi kunu. Ki riƙa zama kina ci tare da su a faranti ɗaya ko kusa da juna, yaro abin da ya ga ana ci yake miƙa wa hannu. In akwai 'ya'yan maƙwabta ki kira su, santin wani yana sa wani ci.

Maganar waya kuma, ni ina ganin ita da rashin cin abincin abu ɗaya ne. Yaron da ya wuni a kan katifa ina zai ji yunwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kar kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana, kuma ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki. Ni da na karanta sai na tuna mu da muka taso ba wanda ya ƙirga mana awa, daga makarantar allo sai dandali, mu dawo muna wawar tuwo.

Ba sai kin sayi komai ba. Yashi kwano huɗu na sa aka zuba min a lungun tsakar gida, na tara musu gwangwanayen madara da na daddanne bakinsu don kar su yanke su, da tsohon ludayi da murfin roba. Tuwon ƙasa suke yi su kawo min, in ce na gode in yi kamar ina ci, wataran ma daga nan nake cewa to ga nawa tuwon ku ɗanɗana. Ki zana wa babban 'yar gala-gala da gawayi a siminti, ki nuna masa sau ɗaya, zai kama. Tsohuwar tayar babur ta ishe shi gare wuni guda. Ki ba ƙaramar kofi da ruwa kaɗan da tsohon buroshi ta riƙa shafa bango, yana bushewa tana sakewa. Bututun ganyen gwanda da ruwan sabulu suna ba da kumfa mai tashi, amma wannan na babban ne, ƙaramar za ta zuƙa. Idan an girbe dawa ki nemi kara ki yi musu mota da 'yar tsana. Wasan ɓuya kuwa ko a gidan haya mai ɗaki biyu ana yi. Abin da ya fi burge nawa shi ne wake da muka shuka a gwangwani, kowa da nasa, cikin kwana huɗu ko biyar ya tsiro, da asuba suke fita dubawa. Ranar da na dafa faten wake na ce wa babban irin na gwangwaninsa ne, ya cinye har da neman ƙari. Da daddare in an ɗauke wuta mu shimfiɗa tabarma, ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi, har su yi barci ba wanda ya tuna waya.

Za a yi miki magana, ki shirya. Ni an ce na bar yara suna birgima a ƙasa kamar marasa gata, kuma bakin da ya ce ban iya raino ba shi ya sake faɗar wannan. Kayan wasa daban na ware musu, tsofaffi, in sun gama a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, a yi wanka, shi ke nan. Yashin ki riƙa rufe shi da buhu saboda kyanwa da kaji. Ki fitar da su da safe ko bayan la'asar, ban da tsakar rana lokacin zafi.

Amma don girman Allah, kafin ki sake su ki zagaya tsakar gidan da idonki. Bokiti ko baho mai ruwa ki kife, ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai shekara biyu, kuma ba za ki ji ƙara ba. Kananzir ko fetur a robar lemo ki ɗaga sama, maganin ɓera haka, murhu da tukunyar ruwan zafi a kange su. Ba ki faɗa mana ko gidan naku akwai rijiya ba. In akwai, yau ɗin nan ki sa maigidan ya yi mata murfi mai kwaɗo, kafin yashin, kafin garin kunun. Ki dawo ki gaya mana kalar da tef ɗin ya nuna wa ƙaramar, ina nan ina dubawa. Allah Ya raya mana su, Ya ba su lafiya.