Amsa ga mai tambayar maganin gida na ruɓewar haƙorin yaro

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara biyu haƙoransa na gaba sun fara baƙi suna gutsirewa, kina neman abin da za ki haɗa a gida. Allah Ya ba shi lafiya. Na yi fama da wannan a kan 'yata ta biyu.

In haƙori ya riga ya yi kogo, babu saiwa ko ganyen da zai cike shi. Kuma babu wata tsutsa a ciki, duk da haka muke faɗa. Kada ki yarda a turara masa hayaƙi wai za a fito da ita. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya kwana a baki, su fitar da tsami mai cinye haƙorin.

Don haka aikin gida shi ne tsayar da ɓarnar. Abin da ya cuci 'yata fida ce: madara da sukari, tana tsotsa har barci ya kwashe ta, bakin fidar na tsakanin haƙoranta. Ki raba shi da wannan, da dare ruwa zalla. Alawa da biskit da lemon kwali kuwa, yawan maimaita su ya fi yawansu illa. Safe da dare ki kwantar da kansa a cinyarki, ki ɗaga leɓen sama, ki goge har gindin dasashi da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori), kwatankwacin ƙwayar shinkafa. Zai yi kuka, ki daure. Farin tabo mai kama da alli a haƙori, wato farkon ruɓewa, yana iya warkewa da haka.

Man kanumfari yana kashe zafi ga manya, amma yana ƙona dasashin ƙaramin yaro. Ruwan gishiri sai wanda ya iya kurkurewa ya tofar. Asfirin kada ki ba shi, kada ki ɗora a haƙori. In yana ciwo, farasitamol na yara daidai nauyinsa.

Masu cewa ai haƙorin nono ne zai faɗi, na ciki sukan kai shekara 10 zuwa 12, kuma mugunya a gindinsu tana iya taɓa na dindindin da ke ƙasa. Ki kai shi sashen haƙori a makon nan. In kumatu ya kumbura, ko ga zazzaɓi, ko ƙurji a dasashi, a ranar za ki tafi.