Daga kiɗan rock zuwa kiɗan su Beethoven: ta ina za a fara?

Malam, ka ce tun kana sakandare rock kake ji, yanzu kana sha'awar kiɗan Turawa na dauri, amma da ka kunna sai barci ya ɗauke ka.

Kunnenka ne ya saba da ganga mai riƙe maka lokaci da waƙar minti huɗu. Shi kuwa wannan kiɗa yakan yi ƙasa kamar raɗa, can ya tashi gaba ɗaya. To fara da masu zafi. Simfoni (dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa) ta 5 ta Beethoven, wadda aka fara kaɗawa a Biyana ta ƙasar Austriya a 1808, da sauti huɗu take buɗewa, kuma su yake ta jujjuyawa, yadda mai gita ke nanata salo ɗaya. Kashin farko kaɗai za ka saurara, yawanci bai wuce minti takwas ba, ka yi ta maimaita shi har ka iya bin sa da baki. Sai Vivaldi, mai gogen sauri. Kiɗan Stravinsky kuwa, mai wuyar sabo, bari sai kunne ya nuna.

Ka guji tarin "kiɗan kwantar da hankali" na YouTube, shi ke kawo gyangyaɗin. Kada kuma ka ji da lasifikar waya a Wunti cikin garin Bauchi, hon ɗin 'yan Keke zai cinye wuraren sanyin. Sa iyafis da dare, amma kar ka ƙure murya don wurin ya yi shiru, tashin yana tafe.

In karatun rubutun kiɗa kake so, nemi malamin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, a majami'un unguwar Yalwa. In kuma kunnenka na ƙara bayan shekarun rock, ga likitan kunne a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU).