Eh, da gugguru muke tarbar baƙo a Kasala

Malam na ga tambayarka, wai ka ga hoton suna an ajiye wa dattawa farantin gugguru, shine kake cewa ko goro ya ƙare ne a Sudan, ko kuwa Hausancin ne ya ƙare. To goro yana nan, tsada ce dai don daga nesa yake zuwa, amma a gidanmu har gobe ba a ɗaura aure babu shi.

Nan gabashin Sudan gahawa ce abin tarbar baƙo, jabana ake ce mata, a soya 'ya'yan a gabanka kan gawayi, a daka a ɗan turmi da citta, a zuba a wata 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, turaren wuta na tashi, sannan a turo maka gugguru da ɗuminsa. Iyakar Eritiriya ga ta nan kusa da mu, su da Habashawa kuwa haka suke shan gahawarsu tun da can. Ku a wajenku abin yara ne da ake ƙullawa a leda a ƙofar makaranta, mu nan idan surukinka ya zo ka ba shi jabana haka tsurarta ai ka ji kunya.

Kuma ni abin da ke ban dariya da masu cewa mun ari abin wasu, ita masarar ta kakan wa ce? Asalinta kudancin Meziko ne, kusan shekara 9,000 da suka wuce mutanen can suka fara nomanta, a Peru ma an tono totuwar irin mai fashewar nan da ta haura shekara 6,000. Sai bayan 1492 ta tsallako teku, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka, daga nan ta bazu har gonarku. Injin da kuke gani mai gilashi a bakin titi kuwa tushensa Amurka, wani Charles Cretors ne a Chicago ya fara ƙera mai aiki da tururi a 1885, ya kai shi babban baje kolin garin a 1893. Masu gidajen silima da farko ƙin sa suka yi wai zai ɓata musu darduma, sai da talauci ya kama ƙasar a shekarun 1930, ƙullin senti 5 ko 10 ya zama abin da talaka ke iya saya, suka ga ashe kuɗi ne suke kora. Kowa dai baƙonsa ne, ku da mu.

Kakata Allah ya jiƙanta ita da dawa ma take yi, ta zuba yashi mai tsabta a kasko sai ya yi jau sannan ta watsa dawar, ƙanana ne farare tas, ta tankaɗe yashin da rariya, mu kuma muna tsugune muna tsince wanda ya yi tsalle ya faɗo ƙasa. Iyayenta da niyyar hajji suka taso a ƙafa, zamanin da mutane suka yi ta ƙaura gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 tsakanin Turawan Ingila da Sarkin Musulmi Attahiru, wasu suka zauna garin Mai Wurno nan Sudan, namu suka yi noma a Gadarif kafin su gangaro nan. Har ta rasu ba ta iya Larabcin kirki ba, kuma ba ta damu ba.

Maganar aure da ka soko a ƙarshe, wai ko muna auren waɗanda ba Hausawa ba, na gane ta sarai. Eh yayana 'yar ƙabilar Bani Amir ta nan gabashin Sudan ya aura, an ɗan yi ƙananan maganganu ta ɓangarenmu da nasu, yanzu 'ya'yansu suna gaida Inna a durƙushe da Hausa, ko da rabinta Larabci ne, matar yayan nawa ce ma ta fi kowa iya jabana a gidan, kuma tuwon miyar kuka ba ya ba ta wahala. Abin da ke mana ciwo shine nan a kira mu Fallata ko Takari, wato baƙi daga Afirka ta Yamma, kamar jiya muka sauka, ku kuma can ku ce mun zama Larabawa saboda faranti ɗaya na gugguru. Agashe fa da duk Sudan ke layi a kai, daga Kasala har Khartoum, tsirenmu ne da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, ban taɓa jin an ce sun zama Hausawa ba.