Zane 14 a sito, rasit ko ɗaya babu

Tambaya: Ina sayar da tayil da kayan banɗaki a kasuwar Dei-Dei. Cikin shekara biyu na kashe naira miliyan 9 a kan zanen fentin mai guda 14, duk hotunan mutane, da na bugu guda 20. Ɗan yayata ne ke saya mini, shi ya karanta zane a jami'a, ni dai nakan tura masa kuɗin ta asusunsa. Ya ce yanzu sun kai miliyan 30. Ina son in sayar da rabi in yi odar kwantena. Ina zan kai su?

Amsa: Alhaji, kafin mu zo kan inda za ka kai su, wa ya ce sun kai miliyan 30? Wanda ya saya maka. Shi ya zaɓa, shi ya biya, shi kuma ya yi musu kuɗi. Da yaron shagonka ne ya yi maka haka da katan ɗin tayil, da ba ku kwana lafiya ba. Ban ce ɗanka ya cuce ka ba, wataƙila ma yana da ido. Amma ka yi cinikin biri a sama, kuma ba ka riƙe da takarda ko ɗaya da za ta nuna abin da ka mallaka.

A wannan harka takarda rabin kaya ce. Mai saye na gaske yana tambayar abu biyar kafin ya tambayi farashi: wa ya zana, a wace shekara, da me, daga hannun wa ya fito, kuma an taɓa baje shi a wani wuri? Zanen da ba shi da amsar waɗannan kayan adon bango ne, irin wanda ake ɗorawa a falon otal, kuma kuɗin kayan ado za a taya shi, ko da sa hannun babban suna a gindinsa. Sa hannu shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo a jikin zane.

Na san labarin da ke ruɗar mutane. A 2018 gidan gwanjon Bonhams na Landan ya sayar da Tutu, zanen da fitaccen mai zane na Najeriya Ben Enwonwu ya yi a 1974, a kan fam miliyan 1.2. To amma Enwonwu ya rasu tun 1994, ba zai ƙara wani ba, an san tarihin zanen, masana sun tantance shi. Kwafin hoton nan kuwa ya daɗe a bangon gidaje a Najeriya, kuma waɗannan kwafi ba su wuce kuɗin takarda da firam ba. Ga kuma Amoako Boafo na Ghana: zanensa da aka saya ƙasa da dala dubu 25 ya tashi fam dubu 675 a gidan gwanjon Phillips a 2020. Nan 'yan sari suka yi caa a kan duk matashin Afirka mai zana fuskar mutum. Daga 2023 kasuwar matasan ta yi sanyi, da yawa daga waɗanda suka shigo a ƙarshe suna nan rungume da kaya, ba mai taya ko uwar kuɗin.

Saboda haka aikin wannan makon na littafi ne. Ka zaunar da ɗanka, ku fito da zanen ɗaya bayan ɗaya. Kowanne a rubuta sunan mai zanen, sunan aikin, shekara, tsawo da faɗi da santimita, ranar saye, da abin da aka biya. A ɗauki hoton gaba, da na sa hannun, da na baya. Bayan ya fi muhimmanci, don a can ake samun rubutun mai zanen da tambarin gidan baje zane. Sai a haɗa jimillar da bayanan bankinka. In masu zanen suna raye, kuma yawancinsu za su kasance, ka kira su da kanka, kowa ya ba ka takardar shaida mai ɗauke da hoton aikin da sa hannunsa. A nan za ka ji nawa ya shiga hannunsu. In ɗanka ya ɗora la'ada, ba laifi ba ne, dillali ai da la'ada yake ci, amma a faɗe ta, a rubuta.

Na bugun nan 20 su suka fi damuna. Bugu iri biyu ne. Akwai wanda mai zanen ya sassaƙa a jikin farantin ƙarfe ko katako, ya shafa tawada, ya danna takarda da hannunsa, irin aikin da aka san Bruce Onobrakpeya da shi, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Wannan aiki ne na ainihi. A ƙasansa za ka ga lamba da fensir, misali 12/50, wato na 12 cikin 50, da sa hannu shi ma da fensir. In na farantin ƙarfe ne, shafa gefen hoton za ka ji shatin farantin ya lotsa takardar. Ɗayan kuwa hoton zane ne aka ɗauka, inji ya fitar. Sa gilashin ƙara girma za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo, kuma sa hannun yana cikin bugun. Irin wannan sau da yawa firam ɗinsa ya fi shi tsada. Haka ma na fentin man: akwai masu buga hoto a kan kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, su bi shi da burushi kaɗan. Haska tocila ta gefe. In tudun fentin bai bi layin zanen ba, an yi maka ba cinya ba ƙafar baya.

In takardu sun kammala, sai kima. Ana cewa ido ba mudu ba amma ya san kima. A nan idon mutum ɗaya bai isa ba. Ka kai hotuna da bayanan wuri biyu da ba su da alaƙa da ɗanka, kamar gidajen baje zane na Thought Pyramid a Wuse 2 ko Nike Art Gallery, ka kuma duba sakamakon gwanjon Arthouse Contemporary na Legas. Abin nema shi ne nawa aka biya a kan aikin mai zanen nan, mai kusan girman naka, na kusan shekarunsa. Kuɗin da aka liƙa a bango buri ne kawai. Gidan baje zane yakan ɗauki kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, don haka zanen da ka saya miliyan ɗaya, in ka mayar washegari, da ƙyar ka ga rabi. Gidan gwanjo kuma yakan cire wajen kashi 10 zuwa 15 daga mai sayarwa, ban da kuɗin ɗauka, kuma zanen da aka fitar bai sayu ba ya yi tabo, kowa ya gani. Ka kuma tuna masu sayen hoton mutum a cikinmu kaɗan ne, don gidaje da yawa ba sa rataye hoton abu mai rai. Kasuwarka ita ce Legas, da baƙi 'yan ofisoshin jakadanci, da otal-otal. Hawan sallah da 'yar Fulani mai tallan nono kuwa sun cika gari, sai in hannun fitacce ne.

Kafin nan, fitar da su daga sito. Hunturun Abuja yana busar da katako ya tsattsage fenti, damina ta kawo danshi da fumfuna, gara kuma ba ta san miliyan 9 ba. A jingine su a tsaye a kan katako, ba a ƙasan siminti ba, da kwali tsakaninsu, nesa da rana da hayaƙin janareto. Kada a goge da ruwa ko tsumma, burushi mai laushi ya isa. In dole a naɗe kanbas, fentin ya kalli waje. Takardun bugu kuma kada su manne da gilashi.

Batun kwantena, nemi kuɗinta a cikin tayil. Ko da komai ya fito daidai, zane ɗaya kan yi wata shida ko shekara kafin mai sayensa ya zo, kuma fitar da bakwai lokaci guda, musamman in na mutum biyu ko uku ne, zai karya farashin sauran da ke hannunka. Kada ka ƙara tura ko sisi sai littafin ya cika, kuma saye na gaba a rubuta rasit da sunanka, kuɗin ya tafi kai tsaye asusun mai zanen ko gidan da ya sayar.